Ni da Buhunan Tattasan Ba Modu

Ko sunana zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na bugi ƙirji a fadarmu ta shayi na ce duk Diffa babu mai ƙafa irin tawa ba. Ai ina saurayi har zomo na kama da gudu (gurgu ne, amma ban gaya musu ba). Lokotoro ne a asibiti ya ce tansiyona ta hau, wato hawan jini, tumbi ya yi yawa. Shi ne na yi shela: daga shigowar Janbiye, farkon shekara, ba sukari, ba kitse, kuma kullum da safe gudu har bakin kogin Komadugu.

Ranar farko na fita da wandon sipor da ya matse ni kamar ƙullin goro. Ban yi rabin hanya ba numfashi ya ƙare. Lokacin kwasar tattasai ne, ga buhuna jere a bakin wata gona, na ce bari in ɗan jingina. Na saki dukan nauyina, ɗaya ya fashe. Masu cewa tattasai bai da yaji ba su shaƙi ƙurar busasshe ba. Atishawa, majina, hawaye, ga shi da hannun nan na goge ido. Mai gonar, wani dattijo Ba Modu, ya tarar da ni ina kuka shaɓe-shaɓe, ya tambaya ko rasuwa aka yi mini. Da ya ji bayani sai ya ɗora ni a amalanken shanu bisa kayansa. Hanyar kasuwa kuwa ta gaban fadarmu ta bi. Duk suka miƙe suna tafi, abokina Bukar yana taya buhun da ke can sama, wai nawa za a sayar masa da ni.

Bana ban yi wa kowa shela ba. Na ce da kaina, bawan Allah, ba yaƙi ake ba, bi a hankali. Bayan la'asar nake takawa, in na gaji in zauna. Na rage sukari, ranar da hannu ya zarce ban zagin kaina. To jiya da ƙafata na isa bakin ruwa, babu saniyar da ta taimaka, wando har ya fara sakin ƙugu! A hanyar dawowa na tsaya gaban Ba Modu ina zuba masa labari kamar na ciwo kofi.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Madalla, Alhaji. Amma ɗan matsa daga jikin buhun nan."