Bindigar Bahago

"Lafiya lau na kwana, tunda ba a gidanku na kwana ba. Cire takalmin nan, kin kwaso mana taɓon garin Kragujevac kaf."

"Deda, in an gaishe ka ka riƙa amsawa kamar mutum. Ba cewa aka yi ka mutu ranar Talata ba?"

"Na je, suka ce in dawo, ba a gama gina ɓangaren masu jikoki marasa kunya ba."

Lenka ke nan, 'yar ƙanena, da kakanta Toza, wato mahaifina, wanda take kira Deda, kaka ke nan da yarenmu. Tun tana rarrafe suke wannan haƙilon, yanzu ta kai ashirin da uku babu wanda ya gaji. Ranar Juma'a ce ta watan Oktoba, bayan cin abincin rana, ina kicin ina ɓare gasasshen tattasan da za mu yi miyar ajvar da shi, raina a ɓace. Washegari Asabar ɗin tunawa da matattu ce, kuma na san rigimar da ke jirana. A coci kyandir ɗin masu rai a sama ake kafa shi, na matattu a ƙasa cikin yashi. Ƙanin mahaifina, Milisav, ya tafi yaƙi tsallaken kogi shekara talatin da wani abu, ba gawa ba labari, amma har yau tsohon nan a sama yake kafa masa kyandir. Ya hana a yi masa addu'ar mamaci, ya hana a dafa masa alkamar sadaka. Matar Milisav ta mutu tana roƙon a yi, bai yarda ba.

Lenka ta ajiye kwamfutarta a kan teburin, kusa da kwanon tattasaina. Ita da wasu marasa aikin yi irinta suna da shafi a intanet inda suke rubuta sunan kowace bindiga da ta fito a shirin talabijin. Yanzu wani shiri na 'yan sandan soja suka sa a gaba. Shi kuwa Toza shekara talatin da takwas ya yi a masana'antar bindiga, don haka in ta kakare wurinsa take zuwa, ko da yake ba ta taɓa yarda cewa tambaya ce ta kawo ta ba.

"Na zo in gwada idonka ne," in ji ta. "Likita ya ce in ka kasa gane uku cikin biyar a mayar da kai gidan ajiye kayan tarihi."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kunna."

"Wannan ta hannun kyaftin ɗin, ta Rasha ce. Na riga na rubuta."

"Goge. Ƙirga ramukan da ke jikin katakon gaba."

"Uku."

"Ta Rasha biyu gare ta. Wannan tamu ce, wataƙila ma ni na ɗaura mata hanci ranar da ubanki ya faɗa rijiya. Wa ya ba ki takardar jami'a ne, mai sayar da kabewa?"

"Wanda ya ba ka haƙoran roba. Wannan ƙaramar ta ƙugun sajan fa?"

"Roba ce ita ma. Dubi yadda yake gudu ba ta ja masa wando. Bindigar gaske ba ta barin mutum ya manta da ita."

"Kai da ko zakara ba ka iya yankawa sai ka kira Tetka Zorka." Ni ke nan, goggonta.

"Maƙeri ba ya cin wuƙa, 'yar nema. Wuce gaba."

Ta wuce zuwa wani wuri da aka nuna shingen bincike a bakin gada, da safe, hazo ya rufe rabin hoton. Sojoji huɗu a gaba suna duba takardun wani direba. Can baya, jikin ƙarfen gadar, akwai wani a tsaye ya ba da rabin baya, hularsa ta rufe fuska. Lenka ta tsayar da hoton.

"Ta wancan na bayan ce ta gagare mu. Mutum shida mun yi musu a kanta. Igiyar ratayarta a ɓarin da ba daidai ba take. Ni na ce juya hoton aka yi."

Na ɗago kai, don shirun mahaifina ba abin da aka saba ji ba ne a gidan nan. Ya ajiye kofin gahawarsa a hankali, ya goge tabarau da gefen riga.

"In juya hoton aka yi, me ya sa rubutun motar yake daidai? Jawo shi kusa."

"Ka ga tsoho ya kamu. Ka ce ba ka sani ba kawai, ba wanda zai ji sai ni da duk intanet."

"Na ce jawo shi kusa, mai bakin agwagwa. Gindin bindigar."

Ta jawo. Na tashi da hannuna jajir na tsaya a bayansu. A jikin katakon gindin akwai wani faci mai ja-ja, tsawon ɗan yatsa, da ƙusoshin tagulla uku a jere.

"Itacen tuffa ne," in ji shi. "Na bayan gidan nan, wanda guguwa ta kayar. Milisav ya zo hutun kwana uku da gindin a tsage, na ce ba zai koma da ita haka ba. Bahago ne, igiyar tana cin wuyansa, sai na mayar masa da zoben ɗaya ɓarin. Kwana na yi ina yi, yana zaune inda kike yana cin gyaɗar miya yana ce mini ban iya komai ba."

Ina da shekara goma sha tara a lokacin, ni na riƙe masa fitila.

Lenka kuwa, jinin gidan nan ba ya barin bakinsa ya mutu.

"Deda, kai kaɗai ke da tuffa a ƙasar nan? Masu shirin fim haya suke ɗaukowa, tsofaffin bindigogi da aka toshe wa hanci, ɗaki guda. Wancan kuma wani ɗan ƙauye ne aka ba hula aka ce tsaya nan."

"Ɗan ƙauyen ne ya san ya karkata kai haka? Saki hoton ya tafi."

Ta saki. Sojojin gaba suka ci gaba da surutunsu, motar ta wuce, hazo yana tafiya. Na bayan bai motsa ba, ko numfashinsa ba a gani, alhali na sauran yana fita kamar hayaƙi. Ta mayar baya ta sake kunnawa har sau uku. A na ukun na ga kamar ya fi kusa da shingen, amma ban faɗa ba, don tattasai yana sa ido ruwa. Karenmu da ke kwance a bakin murhu ya tashi ya fita tsakar gida cikin yayyafi.

"Sunansa yana cikin jerin 'yan wasan?" Toza ya tambaya.

"Ba a rubuta na baya-baya."

"Kin duba ke nan."

"Na duba. Huɗu aka rubuta a shingen." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kai dai so kake a ce gidanku har fatalwa ma 'yar fim ce."

"In fatalwa ce ta fi kyaftin ɗinku iya tsayuwa. Ƙara jawowa, ƙasan facin."

Hoton ya fara dusashewa, amma ana gani. Ƙarƙashin ƙusoshin an sassaƙa haruffa biyu da wuƙa, ba na sunan Milisav ba, ba kuma na kowa namu ba. Sassaƙar ta tsufa, ta yi baƙi da gumin hannu, har ta ci gefen itacen tuffar.

Mahaifina ya daɗe yana kallo. Na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina na shekarun da na yi ina yi masa faɗa a ƙofar coci.

"Ko matarsa bai bari ta goge mata ƙura ba," in ji shi. "Mutumin da ya yanka aikina da wuƙa, ba a hannun mai rai ya karɓe ta ba."

Ruwan tattasai yana ɗiga daga yatsuna a kan dandamali.

"Ba zan sa ta a shafin ba," in ji Lenka a hankali. "Zan ce musu ba a gane ta ba."

"Ki ce ba a gane ta ba, a ce jikar Toza ce ta faɗa? Ashe so kike ki kashe ni da gaske. Rubuta: tamu ce, mai rami uku, an yi mata gyaran bahago. Ki ƙara da cewa wanda ya yi gyaran ya iya aiki, don mai ita bai taɓa faɗa ba."

"Zan rubuta wani tsoho mai taurin kai ne ya yi."

"Wannan ma gaskiya ne." Ya yi dariya, gajeriya, ya share ido da bayan hannu. "Kin ci, ja'ira. Shekara talatin firist da goggonki suna fama da ni, ke kin zo da akwatin wasan yara kin kayar da ni kafin gahawata ta huce."

Ya miƙa hannu ya rufe kwamfutar da kansa, a hankali, yadda ake ja wa mai barci bargo. Sannan ya jawo aljihun teburin ya ɗauko ƙaramar gudumarsa mai ƙotar tuffa, wadda ko ni ban isa in taɓa ba, ya tura mata.

"Ungo, ladan rashin kunya. Zorka, jiƙa alkama." Ya juya wurin Lenka. "Ke kuma kada ki koma gari yau. Gwiwata ba ta lanƙwasuwa, gobe ke za ki riƙe ni in sunkuya in kafa masa kyandir a ƙasa."

"In ka faɗi cikin yashin nan, Deda, barin ka zan yi, in kafa maka naka a gefe."

"Ki dai riƙe ni da hannun hagu," in ji shi. "Irin na Milisav."