Faifan Motocin Italiya

Darajar mutum tana cikin mallakar abu na asali. Da wannan aƙida na kwaɓi Bukar, mai tura finafinai a Fagge, da ya ce zai sauke min shirin tsofaffin motocin tsere na Italiya a waya.

"Ni ba na kallon kayan sata," na ce masa.

Na tafi Sabon Gari na sayo faifai mai ƙyalli, na tara 'yan majalisarmu su shaida. Jar mota na fitowa, sai rubutu ya ratsa talabijin: "Bukar Mai Turi, Fagge." Ashe daga wurinsa aka kwafo faifan.

"Malam, ka sha tafiya," in ji Bukar, yana gyara zama a tabarmata.

Har yau Malam Orijina, wato mai kayan asali, suke kirana. Shagon Bukar yana jikin katangar gidana.