Janaretan da Mama Ta Ce Ba Ta So

Ranar Alhamis da ta wuce na yi awa biyu da rabi a layin mai, riƙe da jarka, ina jiran in sayi fetur ɗin janareta. Ba mu da janareta a gidanmu. Ku ɗan yi haƙuri da ni, zan kai ga wannan.

Kwana uku ke nan da guguwa ta kwantar da turakun wuta daga ƙauyenmu har bakin teku, kuma duk wannan yanki namu na yammacin gundumar Mayo gidan mai ɗaya ne kawai ke aiki. Motoci sun yi layi har sun wuce maƙabarta, mu masu jarka muka yi namu a gefe cikin yayyafi. Lita goma kowa, babu ƙari. Sau biyu wani ya shiga gabana wai tambaya kawai zai yi, sau biyun kuma ni ce na ba shi haƙuri.

A bayana akwai Festy, maƙwabcinmu, wani tsoho mai tumaki da bai taɓa ganin abu ya yi shiru ba.

"'Yar Malachy, me za ki zuba wa man? Ko digirin naki ne ya fara shan fetur?"

"Baba ne ya aiko ni."

"Au, ya sayi injin ke nan?"

"Yana dai nazari."

"Allah ya ƙara basira. Tun ina da haƙora yake wannan nazarin."

Festy bai yi ƙarya ba. Shekara biyu Baba yana auna janareta iri biyu. Akwai ƙaramin, tafi-da-gidanka, wanda mutum biyu ke cicciɓawa su ajiye a waje, a ja igiya ya tashi, ya riƙe firiza da fitila da butar shayi, muddin an tausaya masa ba a jibga masa su lokaci ɗaya ba. Akwai kuma babban, na girke, wanda ake zuba wa siminti a kafa shi a bayan gida a haɗa shi da wayoyin ginin, da an ɗauke wuta ya tashi da kansa ko kana banɗaki. Takardun tallansu sun cika aljihun teburin kicin har ya daina rufuwa.

In ka tambayi Baba zai ce maka babban tsada, ƙaramin kuma ƙara da layin mai. Ni da nake zaune da shi na san ba nan gizo ke saƙar ba. Ƙaramin duk wanda ya gani zai zo aro, ya kwana a kowane gida a ƙauyen ban da namu. Babban kuwa, gidanmu a kan tudu yake. A ce ko'ina ya yi duhu, gidan Malachy kaɗai na walƙiya kamar jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa? Sai a ce Malachy ya fara jin kansa. A wajenmu gara a ce da kai mashayi.

Sannan ga alkawari. Bayan guguwar bara waccan, ɗan majalisarmu, Mai Girma Uban Alkawari, Allah ya ja da ransa, ya zo da sababbin takalman ruwa, ya tsaya kusa da wata bishiya da ta faɗi, ya ce kowane gida zai samu tallafin sayen janareta. Muka tafa. Fom ɗin shafi goma sha huɗu ne, kuma ba a ba da tallafin sai in wanda hukuma ta amince da shi ne ya kafa maka injin. Mutum ɗaya aka amince da shi a gunduma uku. Matarsa ta ce yana Ostireliya, amma tana ajiye masa saƙonni.

Duk wannan da sauƙi, da ba don ranar Asabar ba. Addu'ar gida ta faɗo kanmu. Sau biyu a shekara Fada yakan bar coci ya zo ya yi addu'a a gida ɗaya cikin ƙauyen, maƙwabta duka su hallara, a ƙare da karin kumallon da za a yi shekaru ana zancensa. Gida ashirin da biyu ne, don haka sai bayan shekara goma sha ɗaya take sake zagayowa. Mahaifiyata, Philomena, tun Kirsimeti take shiri. An yi wa gidan fenti har ƙofar ɗakin shanu. A firiza akwai cinyoyin rago biyu, da talo-talo, da kek ɗin tuffa goma sha biyu da ta gasa da hannunta. Ga kuma injin rijiya, wanda in babu wuta babu ruwa, kuma mutum arba'in da suka sha shayi ba labari za su tsaya yi da banɗaki ba.

Ranar Laraba sai ga Wiebe a ƙofarmu. Injiniya ne ɗan Holan da ya yi ritaya ya sayi gidan da ke bakin tafki shekara huɗu da suka wuce. Shi yana da na girke, gidansa fes da haske, kuma babu mai cewa ya ji kansa, don baƙo ne, an yafe masa. Yana kuma da ƙaramin na ko-ta-kwana, shi ya ɗoro a bayan motarsa.

"Philomena, ga janareta. Kuna so?"

Mama ta dafe ƙirji. "Haba, Wiebe! A'a wallahi, lafiya lau muke. Kai wa waɗanda suka fi mu buƙata."

"To, madalla," in ji shi. Ya shiga mota ya ja.

Mama ta tsaya a bakin ƙofa baki buɗe, hannunta har ya fara nuna inda za a ajiye injin. Kowa a nan ya san ƙa'ida. A yi maka tayi ka ce a'a. A sake, ka ce kada a wahalar da kai. A na uku ne kake cewa to, tunda an matsa. Kofin shayi ma haka ake yi masa, balle inji.

"Wane irin mutum ne wannan?" in ji ta. "Ko dagewa bai yi ba!"

Jarkata ta ranar Alhamis dabarar Baba ce. Wai in kai wa Wiebe kyautar mai, shi kuma kunya ta kama shi ya sake yin tayi. Na kai. Ya karɓa, ya duba murfin, ya ce jarkar mai kyau ce, ya gode sosai. Na tsaya. Ya tsaya. Na ce to sai an jima.

Da safiyar Juma'a ni da Baba muka nufi zauren taron ƙauye, don mun tuna Kwamitin Shirin Ko-ta-kwana ya girke wani ƙaton janareta a can bara, har da yanke zare da allon tagulla. Niyyarmu mu kai naman can ya kwana cikin sanyi. Muka tarar da zauren duhu, injin kuma yana cikin kejinsa na ƙarfe, kore shar, ko ƙura babu. Mai Girma da kansa yana wajen, yana miƙa wa wata tsohuwa robar ruwa a hankali, don mai hoto ya samu ya ɗauka. Festy ma yana nan, ya jingina da sandarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Festy, "wannan doki naku yaushe zai yi haniniya?"

"Injin lafiyarsa ƙalau, dattijo. Irinsa babu a duk yankin nan. Waya ɗaya ce kawai ta rage tsakaninsa da ginin."

"Wayar tana ina?"

"Tana cikin kasafin baɗi."

"To ba laifi. Bari in gaya wa guguwar ta koma ta dawo baɗi."

Mai Girma ya yi dariya irin ta manya, ya dafa kafaɗar Baba ya kira shi Martin, ya ce an kafa ƙaramin kwamiti da zai binciki dalilin da babban bai saka wayar ba. Ni dai a gaskiya na yaba. Ku nuna mini wani janareta a ƙasar nan da bai taɓa shan ɗigon mai ba, bai taɓa hana jariri barci ba, bai kuma taɓa lalacewa ba. Masu ƙorafi ba sa duba irin wannan tattalin.

Da muka koma gida na tarar da Mama ta buɗe firiza tana danna cinyar rago da babban yatsa. Yatsan ya shiga. Ta rufe a hankali, ta goge hannu, ta ce wa Baba ya je ya gaya wa Fada a miƙa addu'ar gida na gaba.

"Mama, ai sai bayan shekara goma sha ɗaya."

"Ina da sittin da tara, Dervla. Ke kika yi makaranta, ki haɗa da kanki."

Na ce to a je a roƙi Wiebe mana. Baba ya kalli tagar. Mama ta ce ita Philomena, ta ce ba ta so ranar Laraba, ta je ta ce tana so ranar Juma'a? Gara ta ci talo-talon nan ɗanye.

Ni mutum ce da in an kawo mini abincin da ban ce ba a gidan abinci, cinyewa nake yi in yi godiya. Amma na sa rigar ruwa na gangara bakin tafki, ina ta maimaita abin da zan faɗa. Da Wiebe ya buɗe ƙofa duk abin da na haddace ya tsere, sai kawai na ce, "Muna so."

"Me?"

"Janaretan. Tun Laraba muke so. Naman Mama yana narkewa."

Ya cire tabarau. "Amma ta ce lafiya lau kuke."

"E, ta faɗa."

"Gida shida na je ranar nan bayan naku, Dervla. Kowa ya ce lafiya lau. Na dawo na ce wa kaina, Wiebe, shekara huɗu ke nan, har yanzu mutanen nan ba sa son karɓar komai daga hannunka."

Sai a lokacin na lura injin na nan a bayan motar, bai ma sauke shi ba. Na yi masa bayanin ƙa'idar tiryan-tiryan. Ya ɗauko ɗan littafi daga aljihu ya rubuta.

"Sau uku. Ko mutum na cikin ruwa yana nutsewa?"

"Wataƙila shi sau biyu."

"Ya aka yi kuka kai yanzu da rai?"

Bayan rabin awa yana ƙofarmu, ya gyara tsayuwa kamar mai karanta sanarwa.

"Philomena, ga janareta. Kuna so?"

Na ga idon Mama ya faɗa kan injin, ya dawo kan Wiebe. Ta ce, "Haba, a'a, lafiya lau muke."

Ya ɗaga yatsu biyu. "Philomena, ga janareta. Kuna so?"

"Kada ka wahalar da kanka, bawan Allah."

Yatsu uku. "Philomena..."

"To tunda ka matsa! Malachy, tashi ka kama masa, ka tsaya kana kallon mutane kamar hoto!"

Aka ajiye shi can nesa da taga saboda hayaƙi, aka jawo waya. Wiebe ya manna takarda a jikin firij: in tukunyar shayi ta lantarki na aiki a kashe injin rijiya, in za a ja ruwa a kashe tukunya. Daga nan ya sa ni a mota muka bi gidaje shidan nan, yana ƙirga yatsu a kowace ƙofa, ya tsara musu aron injin awa bibbiyu daga Asabar da rana. Festy ne kaɗai ya kai sau huɗu, wai don kada a raina shi.

Ranar Asabar aka yi addu'a. Fada ya yi ta ɗaga murya yana gasa da injin, Baba kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana yi wa masu son banɗaki alama su dakata sai ruwan shayi ya tafasa. Cinya ɗaya ba ta tsira ba, karen Festy ya yi biki. Sauran kuwa an ci an suɗe. Na hango Mama a bakin murhu, fuskarta ja wur, tana ce wa matan ƙauye kek ɗin bai yi kyau ba, su kuma suna rantsuwa ya yi, kuma ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin haka ba.

A nan ne Baba ya share murya ya sanar cewa ya gama nazari, ƙaramin zai saya. Festy ya ce ai aro zai cinye shi. Baba ya ce ya sani, shi dai yana so wata rana ya zama shi ne a bakin ƙofar wani yana ƙirga yatsu. Wiebe kuwa da aka miƙa masa shayi ya ƙi sau biyu, yana waige-waige ko an gani, aka kuma gani, har da tafi.

Ana cikin haka mota ta tsaya. Mai Girma ne, ya ji labarin akwai gidan da mutane suka taru kuma da haske. Ya gaisa da kowa, ya kira Baba Michael, ya tabbatar mana wuta za ta dawo gobe, kamar yadda ya tabbatar jiya. Mama ta ɗauko kek ɗin tuffa na ƙarshe, wanda ta ɓoye don Wiebe ya tafi da shi, ta nuna wa Mai Girma don cika ladabi kawai.

"Ranka ya daɗe, ko za a ɗan taɓa?"

"Me zai hana!" in ji shi, ya karɓi farantin gaba ɗaya.

Yau kwana tara babu wuta, kuma da fensir nake rubuta muku wannan. Amma kada a ce ban faɗi alherin mutum ba: duk faɗin yankin nan, Mai Girma ne kaɗai bai taɓa sa kowa ya yi masa tayi sau biyu ba.