Rasuwar Garau, Talabijin da Muka Binne Sau Uku da Ranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da suka gaji da haƙar rami, ni Munzali mai awon masara a Randagi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar talabijin ɗina, wadda aka fi sani da Garau. Ta cika ranar Asabar ɗin da ta wuce, jim kaɗan da dawowa daga hutun rabin lokaci, bayan jinyar kwana tara. Ta kusa cika shekara uku a zaurena. Liman ya ja mini kunne kada in ce Allah ya jiƙanta, don haka ban ce ba.

Marigayiyar ta iso garin nan gab da gasar cin kofin duniya ta Qatar, a naɗe cikin katifa a bayan babur, ina rungume da ita tun daga Birnin Gwari. Inci hamsin da biyar ce, irin wadda masu shago ke kira 4K. Mai shagon ya rantse zan ga gumin ɗan wasa, kuma bai yi ƙarya ba. Mun ga gumi, mun ga jijiyar wuyan alƙalin wasa, mun ga hawayen ƙartin da ba za su taɓa jin sunan garinmu ba.

Mai haƙuri ce. In aka kunna ta sai ta ce "tirin", ba ta ƙara ko kalma. In hadari ya taso takan yi shiru ta jira ya wuce. Wasanninta na Asabar kan tafi hutu daidai kiran la'asar, kamar da liman suka shirya. Kuma ba ta taɓa tambayar wanda ya zauna gabanta ko shi ɗan wane ne ba, abin da a ƙasar nan ya gagari mutane da yawa.

Babban aikin alherinta shi ne mutum biyu, Bakoji da Andrawus. Bakoji makiyayi ne, Andrawus manomi. A da, duk bayan girbi shanun Bakoji a gonar Andrawus suke kwana, su ci kara su bar masa taki, tun zamanin iyayensu. Sai shekarar da ɓarayin daji suka kore shanun Bakoji kaf, suka kuma ɗauke ƙanen Andrawus daga gona. Babu wanda ya yi wa ɗan'uwansa komai, amma bakin mutane ya shiga tsakani, har ta kai ko a kasuwa ba sa gaisawa.

Garau ce ta jawo su benci ɗaya. Bakoji bai san ƙwallo ba, bai kuma nemi sani ba. Ciyawar filin yake zuwa kallo, don a fuskar Garau ana ganin ta ɗaya bayan ɗaya. Yakan yi tagumi yana mitar yadda ƙarti ashirin da biyu ke tattake abincin shanu arba'in. Andrawus kuwa hankalinsa na kan ruwan da ake fesa wa filin lokacin hutu, alhali ba masara za a girba ba. Shekarar farko kowa na can ƙarshen bencinsa, mutum shida a tsakaninsu. Shekara ta biyu suka koma uku. Bana saura ni kaɗai, ɗaya ya faɗa mini magana a kunnen dama, in juya in sauke wa ɗayan a na hagu.

Game da ciwon ajalinta, laifin nawa ne, kuma na ɗauka. Kowa a nan ya san irin ranar da ake cewa an ga babura a bakin daji. Wani ya ɓoye hatsi, wani ya kora awakinsa, ni kuwa na haƙa rami bayan rumbu, na shimfiɗa kara, na naɗe Garau a leda na rufe ta da ƙasa. Sau biyu na binne ta na tono ta lafiya lau, ta ce "tirin" kamar ba a yi komai ba. Na uku ya faɗo a watan Agusta. Muka yi kwana huɗu wurin dangi a Birnin Gwari, ruwan sama ya yi ta zuba, mutanen dajin kuma ko leƙowa ba su yi ba. Da na dawo na tarar gara ta cinye karan, ruwa ya ratsa ledar. Gudun ɓarawo na yi mata, sai na kai ta ga ajalinta da hannuna.

An yi magani bakin gwargwado. Matata Huraira ta shanya ta a rana kusa da kuɓewa. Gideon mai gyaran rediyo ya buɗe bayanta, ya daɗe yana kallo, ya mayar ya rufe ya ce a yi haƙuri. Launin kore ne ya fara barinta. Ranar Asabar da muka kunna, filin ya fito ruwan toka, Bakoji ya girgiza kai ya ce ashe can ma fari ya kai. Andrawus ya yi dariya, ya karya gasasshiyar masararsa biyu, ya miƙa wa Bakoji rabi ta gabana. A daidai nan mai sharhi ya ja "goooo", Garau ta ce "tas", wari ya tashi. Muka zauna mu uku muna kallon fuskokinmu a baƙin gilashi. Rabin masarar nan a kan benci aka bar shi, su biyun suka tashi, ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma.

Ta rasu ta bar dikoda ɗaya da har yanzu ke kunna jar fitilarta tana jira, da rimot da aka ɗaure wa baya da roba, da farantin kamo tashoshi a kan rufi yana kallon sama, da benci mai ɗaukar mutum takwas. Ta kuma bar Huraira, wadda ta ce ita ba za ta yi takaba ba, ko ba komai za a daina take mata tabarma. Masu tambaya ko zan sayo wata, su yi wa Allah su bar ni in huta. Ni yanzu ba ƙwallon nake jin zafi ba, Asabar nake tsoro, don ban san abin da zai sake kawo mutanen nan biyu ƙofata ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe uku, lokacin da aka saba take wasa. Kabari a shirye yake bayan rumbu, ta ma san hanya. Ba a buƙatar masu kuka, za a gasa masara. Sai dai marigayiyar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, dole wani ya kama kai wani ya kama ƙafa, kuma ƙofar zauren ƙunci gare ta, Garau ba ta fita sai masu ɗauka sun yi wa juna magana. Iyali sun zaɓi Bakoji da Andrawus. In ba su zo ba, nan za ta ci gaba da kwanciya har su zo. Ni shebur zan riƙe, na gaji da zama a tsakiya.