Hatimi a Gefen Bizar Umara

Ba zan taɓa mantawa da Umarar da na yi a 2012 ba. Ladanta yana hannun Allah, amma abin da na aikata kwana ɗaya bayan saukata Alƙahira, wannan yana cikin fasfona.

Ni direba ne. Shekara goma sha tara ina tuƙa wani injiniya Ba'amurke a unguwar Muhandisin da ke nan Alƙahira, kuma shi da matarsa ne suka biya mini kujerar Umarar. Karatuna na allo ya tsaya a izu biyar, na boko a aji huɗu. Larabci ina jin sa sarai, amma in aka rubuta shi da biro, ni da bango ɗaya muke. Duk da haka a unguwarmu ta Hada'ik el-Ma'adi ni ne dattijon Hausawa, ni ke tsare samari a bakin shagon gahawa ina yi musu faɗa a kan shisha.

Washegarin dawowata na je gaishe da iyayen gidana da dabino, kai a aske tas, jallabiya fara sol, carbi a hannu. Madam ta ja ni gefe. Maigida zai cika sittin, tana so ta ba shi kyautar giyar ƙasarsu, wadda ake kira burbon. Ita kuwa ba a samunta sai a shagon da babu haraji, shagon kuma ba ya sayar wa kowa sai wanda fasfonsa ya nuna bai wuce kwana biyu da shigowa ba. Duk gidan fasfo ɗaya ne mai ɗanyen hatimi: nawa.

Matar da jiya-jiya kuɗinta ya kai ni gaban Ka'aba ce fa. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji "tamam, Madam" ya fito, wato na amince.

"Ka zaɓi mafi ƙarfi," in ji ta, "ta ganga ɗaya."

A shagon, mai sayarwa ya dubi askina, ya dubi carbin. Ya jera mini kwalabe huɗu, ya yi bayani cewa sauran giya ana haɗa ganguna da yawa ne a gauraya, wannan kuwa kowace kwalba daga ganga guda ta fito, ga lambarta an rubuta da hannu. Mai hankali da nuna ɗaya zai yi ya gudu. Ni kuwa (a nan ne Shaiɗan ya same ni) ba na son a gane ban san abu ba. Na ɗaga kwalbar farko a haske kamar mai tayin zuma.

"Wannan ba ta nuna ba," na ce. "Ta yi fari."

Ni da ko warinta ban sani ba. Na girgiza ta biyu, na ce ruwa-ruwa ce. Na tambayi ƙarfin kowacce, na ƙi mai hamsin, na ƙi mai hamsin da biyar, na ɗora yatsa a kan mai sittin da biyu cikin ɗari.

"Hajji ya san kaya," in ji mai sayarwar, har da ɗan rusunawa. Allah Ya yafe mini, na ji daɗi.

Ya karɓi fasfo, ya buga hatimi, ya yi ɗan rubutu a ƙasa. Na ɗauka sa hannunsa ne.

Ranar Juma'a mutane suka cika falona barka da dawowa, wajen mutum goma sha biyar, har da samarin shishar nan. Wasu sun fara ce mini Alhaji, ban gyara musu ba. Limaminmu Malam Hadi, mutumin Zariya da ke digiri na uku a fiƙihu, ya ce ɗalibai na son sanin irin bizar da aka ba ni, ko su ma su nema. Da hannuna na zaro fasfon na miƙa masa.

Ya karanta a fili: ranar fita, ranar shiga Jidda, ranar dawowa. Sai ya tsaya. Ya matso da shafin kusa da gilashinsa.

"Karanta mana, Malam," na ce. "Kada ka rage musu komai."

Ya ɗago ya dube ni, ni kuma a kallon nan na gane wane hatimi ya iso. Gumi ya taso mini tun daga askin har tafin ƙafa. Na hango kaina gobe a bakin gahawa, samari suna tambayata ƙarfin tawa.

"Sauran na hukuma ne," in ji Malam. Ya rufe fasfon, ya zura mini a aljihu da kansa, ya ce a yi addu'a. Ban taɓa cewa amin da ƙarfi irin na ranar ba.

Da aka watse na raka shi matakala.

"Baba, kwalba ɗaya, wiski na Amurka. Kusa da bizar Umara, ko shafi ba a tsallake ba."

Na kwashe labarin duka na gaya masa, ina rantsuwa ko murfin ban taɓa ba.

"Na yarda. Amma ka san mai ɗaukar giya ma bai fita daga laifi ba. Ka yi istigfari, gaba kuma ka ce wa Madam a'a, ba za ta cije ka ba." Ya sauka taki biyu, ya juyo. "Ita ce dai mai ƙarfi arba'in ɗin nan?"

"Ina! Sittin da biyu, ganga ɗaya."

Kafin in kama bakina ya riga ya fita, da alfahari kuma. Malam ya dafa bango yana dariya har gilashinsa ya zame.

Bai gaya wa kowa ba, shekara da shekaru, sai ni yau da na gaji da riƙewa. Da ranar haihuwar maigida ta sake zagayowa na ce wa Madam a'a, ta ce ma'alish, wato ba komai, ta saya masa agogo. Ashe abin da sauƙi haka.

Na koyi cewa dattijon da bai iya karatu ba, kada ya matsa a karanta masa a gaban jama'a. Samarin shisha kuwa har yanzu ina yi musu faɗa, sai dai na rage murya.