Rasuwar Nkgono, Mai Feshin Layi na Biyu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ido jajur saboda tururi, Ntate (wato Baba) Lefu Mphuthi na masana'antar ƙarfe da ke bakin kogin Vaal yana sanar da rasuwar Nkgono, wato Kaka, 'yar bututun feshin ruwa ta layi na biyu. Ta cika ranar Talata bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta kama aiki shekarar da Ntate Lefu ya yi aure, kuma ta fi auren daɗewa. Idan ƙarfe ya fito ja zur, ita ce ke yi masa yayyafi har ya huce bai tsage ba. Ɗigonta siriri ne kamar raɓa, babu wanda ya fi wani. Ba ta taɓa shiga yajin aiki ba. Iyakar maganarta a duniya ita ce "tsssss".

Ciwon ya fara ne da gishirin ruwa da ya toshe mata maƙogwaro. Aka fara jin "tuf, tuf, tsss". Ntate Lefu ya ɓoye zancen. Ya jiƙa ta a ruwan tsami, ya sosa mata wuya da waya, ya mayar da ita bakin aiki. Sai da wani mai saye ya dawo da ƙarfe mota guda, duk a tsattsage, aka kira injiniya Dikeledi Radebe da na'urarta ta haske mai auna girman ɗigo.

Ta duba, ta ce, "Ntate, wannan ba feshi take ba, tofi take."

"Mura ce, 'yata. Za ta warware."

"Murar da za ta rufe mana layi? Wayar nan taka ma ta ƙara mata baki."

Da hannunsa ya kwance ta, ya naɗe a ƙyallen share zufa.

Ta bar ƙanne da yawa a jere, da famfo mai fama da hawan jini, da matatar ruwa wadda dangi suka daina gaisawa da ita. Ta kuma bar Ntate Lefu, wanda zai ajiye aiki ƙarshen shekara.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a a tukunyar narka tsohon ƙarfe. Idan gawa ta fito ja zur, sabuwar da aka ɗaura a gurbinta ce za ta yi mata wanka. Akwai tuwon masara da gasasshen nama bayan an tashi. Kowa ya zo da hular kwano. Kada a kawo furanni, ƙonewa za su yi.