Rasuwar Goggo Mabel, Motar da Ta Kusa Zuwa Yaƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannaye masu cike da baƙin mai, Mista Leonard Dombrowski, wanda duk garin Marlow Creek na jihar Michigan ya sani da Lenny, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Goggo Mabel, babbar motar soja mai tayoyi shida. Ta cika ranar Asabar da ta wuce da hantsi, a ɗakinta da ke gidan tarihin masana'antar garinmu. Ta rasu tana da shekara tamanin a duniya, bayan doguwar jinyar da babu wanda ya san tana yi, har shi Lenny ɗin da yake goge ta kullum. Kwamitin gidan tarihin, ƙarƙashin Madam Loretta Vandermeer, shi ya taya shi rubuta wannan sanarwa, tunda har yanzu ba ya iya haɗa magana biyu ba tare da ya fyace hanci ba.

Abin da ya ƙara wa rashin nan ciwo shi ne lokacin da ya zo. Mahaifiyar Lenny, Kaka Stasia, ta cika shekara ɗari a bana. Tun tuni ya yi mata alkawari a gaban jama'a cewa shekarar da ta kai ɗari, a cikin Goggo Mabel za ta shiga gaban faretin tunawa da mazan jiya, ranar Litinin ta ƙarshen watan Mayu. Faretin ya ƙarato, Kaka Stasia na nan garau, motar ce ta riga mu gidan gaskiya.

An haifi marigayiyar a damina ta 1945, a masana'antar motoci ta garinmu, wadda yanzu ba abin da ya rage nata sai dogon bututun hayaƙi da ɗakin cin abincin ma'aikata, wanda muka mayar gidan tarihi. A shekarun nan na yaƙi masana'antar ta daina ƙera motocin zuwa coci da kasuwa, ta koma ƙera na soja. Maza sun tafi fagen daga, mata suka ɗaure gashi da ɗankwali suka tsaya a layin haɗa mota. Cikinsu akwai wata budurwa mai kaifin baki, Stasia, aikinta ɗaura sitiyari. Duk motar da ta fito daga layin nan a lokacin, hannunta ya bi ta kan sitiyarinta, har da ta Mabel. Sunan kuwa matan ne suka raɗa mata, na matar shugaban layinsu, wadda aka ce ba ta tashi da safe sai ta yi tari ta zagi wani.

Game da tarihinta na soja, gara mu faɗi gaskiya da bakinmu kafin wasu su faɗa. An ɗora ta a jirgin ƙasa tare da 'yan'uwanta, aka kai su har bakin teku. Tana cikin layin shiga jirgin ruwa sai ƙararrawar coci-coci ta ɗauka, aka ce an gama yaƙi. Ta leƙa ruwa, ta dawo gida. Mutanen garin Elkford, maƙwabtanmu, masu taƙama da wata 'yar ƙaramar jif mai ramin harsashi a ƙofa, sun daɗe suna yi mana gori a kan wannan. Muna tunatar da su cewa Mabel ta yi niyya, ba ita ta tsayar da yaƙin ba. Ramin nasu kuma mun ji labarin yadda aka same shi a lokacin farautar barewa, amma yau ranar makoki ce, ba za mu tona ba.

Bayan ta ajiye kaki, hukumar gari ta karɓe ta, ta yi wa jama'a hidimar da ba a ba da lambar yabo a kanta. Ta ture ƙanƙara daga titi a hunturun da motocin zamani suka kwanta kamar kaji. Ta yi jigilar tuffa daga gonaki. Ta fito da motar makaranta daga rami, ta kai wa coci sabon ogan, babban abin kiɗan nan mai bututu, a bayanta ba tare da ya kakkarye ba. Da masana'anta ta rufe, samari suka watse neman aiki, ita ba ta je ko'ina ba. Kowace shekara ita ce a gaban fareti. Marigayi Chester, mijin Kaka Stasia, shi ya fara tuƙa ta, da ya rasu Lenny ya gada. Kaka Stasia kuwa kullum tana kujerar gefe, jakarta a kan gwiwa. Sau ɗaya ta taɓa cewa Chester ya ba ta ta ɗana, ya ce kulocin ya fi ƙarfin ƙafar mace. Ba ta sake tambaya ba, amma duk wanda ya san ta ya san ba mantawa ta yi ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, sai dai ba mai shiru ba. Ba ta taɓa tashi ba tare da ta kai ƙara ba. In aka murɗa mata makulli sai ta ce, “Uhurr… uhurr… uhurr,” ta yi jim kamar mai shawara, sannan, “Tuf! Gara-gara-gara,” har tagogin gidan tarihi su amsa. Hon ɗinta, “Aaa-uuu-gaa,” ya tashi jarirai zuriya bayan zuriya daga barci, kuma iyayensu ba su taɓa yin fushi ba, don su ma shi ya tashe su. Tana da shan mai, wannan ba ma musu. Duk inda ta tsaya sai ta bar ɗigon baƙi a ƙasa don a san ta zo. Amma ba ta taɓa barin kowa a hanya ba, ba ta kuma taɓa yin gudun da zai tsorata tsohuwa ba.

Jinyarta ta samo asali ne daga ƙauna, kuma wannan shi ne abin takaicin. Shekara huɗu da suka wuce, tana hawa tudun coci a fareti sai ta saki shuɗin hayaƙi. Otis Pruitt, makanikin garinmu kuma abokin Lenny tun suna masana'anta, ya saurari ƙirjinta ya ce, “Mutumina, tsufa ya zo. Tashin da ya rage mata ba shi da yawa.” Lenny ya koma gida da wannan magana ta hana shi cin abinci. A ransa sai ya ɗauki tashin mota kamar ƙwai a kwando, in ka ci ɗaya ya ragu. Ya ƙudura cewa sauran da suka rage na mahaifiyarsa ne, ba zai ɓarnatar da ko ɗaya ba sai ranar da ta cika ɗari.

Washegari ya zo da jar igiya mai laushi, irin ta manyan gidajen tarihi na birni, ya zagaye Mabel. Ya kafa allo mai cewa kada a taɓa. Ya rataye makullin a wuyansa. Kwamiti ya yi ta yaba masa, aka ce yanzu gidan tarihinmu ya zama na gaske, har Madam Loretta ta sa aka ƙara fitila a kanta. Kullum da safe Lenny na nan da tsumma yana goge ta, tana ƙyalli fiye da ranar da aka haife ta. Fareti ya koma hannun motar kashe gobara, wadda Kaka Stasia ta ce ko gawarta kada a ɗora a kai.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. Otis ya zo ya ce, “Kai tsoho, ba cewa na yi ka binne ta da rai ba. Ka riƙa zagaya gari da ita ko sau ɗaya a mako.” Lenny ya juya masa kunnen da ƙarar masana'anta ta kashe. Mahaifiyarsa ma ta tare shi wata Lahadi a kan teburin abinci.

“Leonard, yaushe rabonka da tayar da motar nan?”

“Mama, tattalinta nake yi miki.”

“Tattali? Ni ma haka za ka yi mini ke nan? Ka zagaye ni da jar igiya ka riƙa goge mini goshi?”

“Haba Mama. Ki bar mini wannan, ba ki san sha'anin inji ba.”

“Ni ce ban san inji ba. To madalla. Miƙo mini dankalin.”

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, Lenny ya kira mutane su shaida gwajin tashi kafin fareti. Ya saka hular tuƙin mahaifinsa, Otis ya ɗaura sabon batir, Madam Loretta ta turo Kaka Stasia a kekenta na guragu har gaban jar igiya. Lenny ya murɗa makulli. “Uhurr,” in ji Mabel, da wata murya can ƙasa da ba mu san ta da ita ba. “Uhurr… uhurr…” Muka riƙe numfashi. Sai ga shi, “Tuf! Gara-gara-gara!” Ɗakin ya ruɗe da tafi, Lenny na dariya hawaye na zuba, yana leƙo kai yana cewa, “Kin gani ko, Mama? Kin gani?”

Ana cikin haka sai wani ƙamshi ya cika wurin, ƙamshin da ba na mota ba. Gidan tarihinmu yana da injin yin gugguru don 'yan makaranta masu ziyara, kuma an daɗe ana zargin juna a kwamiti kan masarar da ke raguwa a buhu. Ashe ɓeraye ne suka yi shekara huɗu suna tara ta a cikin salansar Mabel, tunda nan ne kaɗai wurin da doka ta hana kowa taɓawa. Da salansa ta yi zafi sai ta fara harbi, “Fat! Fat-fat-fat!” Gugguru ya yi ta tashi sama yana sauka a gashin Madam Loretta. Masu gidan kuma suka fito daga ƙarƙashin kujera, uwa da 'ya'ya, suka bi ta tsakanin ƙafafun kwamiti. Wannan shi ne karo na farko da na ƙarshe da marigayiyar ta buɗe wuta.

Ba a gama ihun ɓeraye ba muryarta ta sauya. “Ƙwal… ƙwal… ƙwal,” daga can cikin ciki. Sannan “Ƙarass!” Sannan wani dogon “Fuuush,” ruwan lagireto ya malalo ƙasa. Otis ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya zaro ma'aunin mai ya ga man ya daskare kamar zumar da ta kwana a ƙanƙara. Ya cire hularsa ya ce, “Injin ya buga, mutumina. Har gangar jikinsa ta tsage. Ta tafi.”

Wanda bai ga Lenny a lokacin ba bai san tausayi ba. Dattijo mai shekara saba'in da huɗu ya sauko ya durƙusa gaban keken mahaifiyarsa yana kuka kamar ɗan yaye, yana cewa, “Mama, alkawarin da na yi miki. Ajiye miki ita nake yi, wallahi ajiye miki nake yi.” Kaka Stasia ta kakkaɓe gugguru daga cinyarta, ta dafa kansa, amma idonta na kan Otis.

“Kai Otis, sitiyarin fa?”

“Lafiyarsa ƙalau, Kaka.”

“Birki?”

“Yana kamawa, in an taka sau biyu.”

“Hon?”

Otis ya miƙa hannu ya danna. “Aaa-uuu-gaa!”

“To me ake wa kuka? Inji ne ya mutu, kuma ba sashenmu ne ya haɗa shi ba. Abin da na ɗaura yana nan. Tashi, Leonard, kana ɓata wandonka.”

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyi shida da safaya guda wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar abokan zamanta na gidan tarihi: hular walda, kwanukan abincin rana na matan layi, da hoton nan nasu suna murmushi da sifana a hannu. Ta bar tabon mai a ƙofar coci da ƙofar gidan waya. Ta bar iyalin ɓeraye da ba su da matsuguni a halin yanzu. Ta bar Lenny, wanda muke roƙon Allah ya ba shi haƙurin rashi, kuma muna roƙon jama'a a daina tambayarsa ko yana sayar da gugguru.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a kai ta wurin 'yan gwangwan ba. Ranar Litinin ta fareti, da safe, za a fito da ita daga gidan tarihi, ita ce a gaba kamar yadda ta saba, motar kashe gobara ta koma bayanta inda ta dace. 'Ya'ya mata da jikokin matan da suka haɗa ta su za su tura ta daga baya, mazan kwamiti su ja ta gaba da jar igiyar nan, don a ƙarshe igiyar ta yi wani amfani. Masu turi su zo da takalmi mai kama ƙasa, tudun coci bai ragu ba. Kada a kawo furanni. Wanda ya yi niyya ya kawo kofi ko kek ɗin tuffa zuwa ɗakin taro na coci, inda za a zauna karɓar gaisuwa. Mutanen Elkford ma muna gayyatarsu, in za su iya riƙe bakinsu.

Kaka Stasia ce za ta zauna a kujerar direba. Lenny ya yi ƙoƙarin tuna mata cewa ba ta da lasisi, ta ce masa, “Rakiyar gawa za a yi, ba tafiya ba. Kulocin da ubanka ya ce ya fi ƙarfina kuma yanzu ba mai buƙatarsa. Na ɗaura sitiyarin da ban san iyakarsu ba, ban taɓa juya ko ɗaya a kan titi ba. Wannan zan juya.”

Lenny zai zauna a kujerar gefe, ya riƙe mata jaka a kan gwiwa. Ya yi alkawarin ba zai ce uffan a kan tuƙinta ba. Idan aka ji hon, a ba da hanya.